Ƙyallen Rigar Haladu

Ranar da labarin ya iske Sakinatu, tana zaune a tsakar gidansu a unguwar Ajiya ta Jimeta tana jiƙa ƙaro a murfin kwano. Damina ce, shekarar da aka raba ƙasa jiha-jiha aka ce Yola ta koma ƙarƙashin Maiduguri. Kogi ya cika ya batse, ruwan sama kuwa ba ya ɗagawa.

Daga zaure, inda mahaifinta Malam Nata'ala yake ɗinki, ta ji sallamar Na'inna. Ɗan goro ne a kasuwar Jimeta. Tun da ta fita takabar mijinta yake sintiri a gidan yana neman aurenta, Malam kuma yana sonsa. Ita ce dai ba ta so.

"Malam, ashe ba ku ji ba?" in ji Na'inna, ya ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga.

"Me za mu ji?"

"Haladu mai fito mana. Yana can ƙauyensu Mbamba a kwance, ƙirji ya riƙe, numfashi sai da ƙyar. Ni dai Allah ya sani ba na son ɗaukar magana..."

"To, kar ka ɗauka."

"Ai ta riga ta gama kasuwa, Malam. Cewa ake jifa ne. Gogonsa ta buɗe akwatinsa tana neman bargo, sai ga mutum-mutuminsa na takarda, sanye da ƙyallen rigarsa, an soka masa allura a ƙirji. Daidai wurin da yake kuka da shi."

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya.

Na'inna ya yi gyaran murya. "An kuma ce daga gidan nan ya fita."

Murfin kwanon ya suɓuce daga hannun Sakinatu. Ƙaro ya malale a ƙasa, ita ko motsi ta kasa. Ta san mutum-mutumin. Ta san allurar. Da hannunta ta soka ta.

* * *

Abin ya samo asali ne daga Liyatu, malamar makaranta, 'yar Numan, wadda take haya a gidan da ke jikin nasu, ita da mijinta Zadok, malamin asibiti.

Lokacin da mijin Sakinatu ya rasu ta dawo gida, ba ta ci, ba ta magana, sai kallon bango. Wata rana Liyatu ta shigo da almakashi da kwalin sukari da tsofaffin jaridu, ta zube a gabanta. Adda take kiranta, wato yaya.

"Adda, bangon nan ba zai gudu ba. Taya ni yanka wa yarana 'yan tsana."

Haka ta fara. A yanka jiki daga kwali, a zana fuska da fensir, a nemo ƙyalle a yi riga. Takardar shayi ta zama ɗankwali, ƙyalƙyalin kwalin taba ya zama 'yan kunne. A shafa ƙaro a manna. Ƙyalle ba ya kama kwali da wuri, don haka Sakinatu takan soka tsohuwar allura ta riƙe shi har ya bushe, sannan ta zare.

Karatunta bai wuce allo ba. Liyatu ta ba ta wani tsohon littafi mai faɗi, ta ce, "Abin da ba ki iya rubutawa, manna shi." Sai ta riƙa mannawa. Ran da ta tuna mijinta, baƙin zare. Ran da ta fara dariya, wani ɗan fure da ta tsinta a bakin rijiya.

Malam ya yi ta ƙorafi da farko. "Gumaka a gidana?" Amma da ya ga mata suna zuwa su zaɓi ɗinki a jikin 'yar takarda kafin almakashi ya taɓa musu atamfa, kuma rigimar "ba haka na ce ba" ta ƙare, sai ya kau da kai.

Haladu kuwa ma'aikacin jirgin fito ne, mai ƙetare da mutane da motoci a Binuwai. Igiyar jirgi ta yaga masa hannun shuɗiyar rigarsa, ya kawo gyara, daga nan ƙafarsa ba ta ƙara ɗaukewa daga zauren ba. Maganar aure ta tashi, ta je ta tsaya cik a ƙofar Gogo Kaltume.

Gogo ƙanwar mahaifinsa ce. Ita ta ɗauke shi tun yana zanen goyo da uwarsa ta rasu, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Haladu ne ɗanta, shi ne gonarta, shi ne inuwarta. Ta ce ba ta raine shi don bazawara ba, 'yar maɗinka, ƙawar 'yan mishan, alhali ga Aminatu, 'yar baffansa Bappa Lado, a gida tana jira.

Zuwansa na ƙarshe zance, da la'asar, ya tarar da Sakinatu da faifai a cinya tana aiki. Shi Saki yake ce mata, ita kuma Hamma, wato yaya.

"Wannan mai dogon wuyan wane ne?"

"Wani mai fito ne. Na ma rage masa wuyan."

"Wallahi rigata ce! Saki, ashe ke ɓarauniyar ƙyalle ce."

"Abin da almakashi ya yar na maɗinki ne. Ajiye shi, Hamma, bai bushe ba. Ba ka ga allurar ba?"

Bai ajiye ba. Ya zura shi a aljihu ya dafe.

"Mutane hoton masoyiya suke ɗauka," in ji ta, "kai sai ka ɗauki kanka?"

"So nake in riƙa ganin yadda nake a idonki."

Ta yi dariya ta ƙyale shi. Dariyar nan ce yau ta zame mata abin kuka.

* * *

Da Na'inna ya tafi, Malam ya shigo cikin gida. Bai yi faɗa ba. Da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Na gaya miki tun farko, Sakinatu. Ƙyallen jikin mutum ba abin wasa ba ne a garin nan."

"Baba, ka san ni. Ka san ban taɓa zuwa wurin kowa ba."

"Ni na sani. Kasuwa ta sani? Ki zauna a ɗaki har bakin mutane ya gaji. Na'inna ya ce shi duk abin da ake faɗa bai dame shi ba, a shirye yake ko gobe. Wanda ya tsaya miki a irin wannan rana ai ba a yar da shi ba."

"Shi da ya kawo labarin yana lasar baki?" Hawaye suka zubo mata. "Baba, mutum yana can yana fama da rai, kana yi mini zancen Na'inna?"

"Ina yi miki zancen sunanki ne. Shi kaɗai gare ki, shi kaɗai gare ni."

Suna cikin haka Liyatu ta faɗo gidan, hannunta duk alli, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Baba, sannu. Adda, kin ji? Zadok ya je can jiya. Tsohuwar nan Gogo ta kore shi da muciya!"

"Ya ga Haladu?"

"Ya gan shi, ya sa kunne a bayansa kafin a kore shi. Ya ce huhu ne. Ruwa ya doke shi a jirgi, ya kwana da jiƙaƙƙun kaya, shi ke nan. Ya ce magani yana nan a asibiti, ba wani abu ba ne in an kawo shi da wuri. Amma su hayaƙi suke yi masa a ɗaki a rufe. Mutumin da numfashi ke gagara! Ya ce in suka ƙara jinkiri..."

Ba ta ƙarasa ba. Ba wanda ya ce ta ƙarasa.

Sakinatu ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. "Ni na ja masa, Malama. Da ban yi abin nan ba, da tuni sun kai shi."

"Kuka ba zai kai shi ba. Tashi. Ɗauki 'yan tsanarki duka ki kai musu. Su ga na Baba, su ga na marigayiya Innarki, su ga naki. Mutum zai jefi kansa? Mutum zai jefi ubansa?"

Sakinatu ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta share duk abin da ke kan faifai ta zuba a gwangwanin biskit, busasshe da ɗanye, ko dubawa ba ta yi ba. Ta yafa mayafi.

Malam ya tsaya a ƙofar zaure. "Ina za ki?"

Ta durƙusa. "Ka yafe mini, Baba. In na zauna ya mutu, ni ma ba zan ƙara amfanuwa ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya matsa gefe, ya juya mata baya.

"Ɗauki laima," in ji shi. "Hadari ya haɗo."

* * *

Motar haya ta sauke ta a Yola, sauran ta taka cikin taɓo har Mbamba. Tun daga ƙofar gida warin hayaƙin magani ya tare ta.

Tsakar gida cike da mata. Ta yi sallama, ba wadda ta amsa. Daga wani ɗaki mai rufin ciyawa, an saki tabarma a ƙofarsa, ta ji numfashi kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. 

Gogo Kaltume tana zaune a bakin ƙofar, siririya, fara, idanunta sun yi ja don rashin barci. A gabanta an kife ƙwarya. Bappa Lado, yayan mahaifin Haladu, yana tsaye gefe da carbi.

"Gogo, ina wuni. Ya mai jiki?"

"Ke ce za ki gaya mana."

Gogo ta ɗaga ƙwaryar. Ga shi nan, ɗan dogon wuya, da shuɗiyar riga, da hular takardar jarida, yana murmushin fensir. Allurar tana nan inda take. Mata suka ja da baya.

"Ba mu taɓa ba," in ji Gogo. "Mai magani ya ce in wani ya zare, ba wanda ya soka ba, yaron ya tafi. Me ya yi miki? Don na ce ba zai aure ki ba? Ni na ce. Ni ya kamata ki jefa."

"Wallahi Gogo, tallahi, kwali ne da ƙaro. Allurar don ƙyalle ya kama ne. Shi ya ɗauka da kansa yana dariya, ku tambaye shi."

"Wanda aka juya wa kai za a tambaya?"

"To, ku duba." Ta buɗe gwangwanin ta juye a tabarma. "Ga Babana, ga rawaninsa. Ga Innata, Allah ya jiƙanta. Ga ni nan, da zanen da ke jikina. Ga matan unguwarmu, duk suna nan lafiyarsu lau. Sana'a ce, Gogo. Da ita nake nuna ɗinki. Ciwon Hamma huhu ne, ku taimake ni ku kai shi asibiti."

Wata mata ta matso ta leƙa. Wata ma ta matso. Bappa Lado ya sunkuya ya ɗauki na Malam Nata'ala, ya jujjuya, har gefen bakinsa ya motsa. "Wannan kam Nata'ala ne," in ji shi. "Har da tumbin."

Sakinatu ta ji iska ta fara shiga ƙirjinta.

Sai wata tsohuwa ta yi salati.

"Kaltume! Kaltume, dubi zanenki!"

Tana nuna wata 'yar takarda a gefen tabarma, siririya, mai koren zane da zanen ganye. Kowa ya kalli 'yar takardar, ya kalli Gogo. Atamfar da ke jikin Gogo ce, ba bambanci. Kuma allura tana tsaye a ƙirjinta.

Sakinatu ta ji duniya ta juya. Da Sallah Haladu ya kawo mata atamfar ta ɗinka wa Gogo, ya ce kar a faɗi wanda ya ɗinka sai ran da zuciyar tsohuwa ta sauko. Ragowar ƙyallen ta ajiye. Shekaranjiya ta yi 'yar tsanar, don ta manna ta a littafi kusa da tata, kamar uwar miji da amarya. Damina ta hana ta bushewa, ta share ta cikin gwangwani tare da sauran.

"Gogo, ki saurare ni, don ƙauna na..."

"La'ilaha illallahu." Gogo ta dafe ƙirji. "Ashe ina sanye da aikinki ban sani ba. Ashe ni ce ta gaba."

Gida ya ruɗe. Masu tofi na yi, masu salati na yi. Wata ta ja ɗanta ta ɓoye a bayanta. Bappa Lado ya saki na hannunsa kamar ya taɓa garwashi.

"Ya isa," in ji shi da ƙarfi. "Kaltume, ba sauran jira. Akwai mai cire jifa a gindin duwatsu, can bayan fadama. A ɗauro amalanke yanzu, mu ɗora shi mu tafi."

Aka yi tsawa. Yayyafi ya fara sauka.

Sakinatu ta kalli sama, ta kalli ƙofar ɗakin. Amalanke, cikin ruwa, cikin taɓo, har gindin duwatsu. Ba zai kai ko fadama ba.

* * *

Ta yi rantsuwa, ba su ji ba. Ta kawo shaida, shaidar ta cinye ta. Tana durƙushe a tabarma sai abin ya faɗo mata a rai, sarai, kamar an kunna fitila. Muddin tana cewa ba ita ba ce, za su yi ta yawo da shi neman mai cirewa. Mutum ɗaya ne kawai Gogo za ta bi maganarsa yau: wanda ya yi jifan.

Ta tuna Malam a ƙofar zaure. Sunanki, shi kaɗai gare ki, shi kaɗai gare ni.

Tari ya sarƙe Haladu a ciki, ya daɗe bai sake shi ba.

A zuciyarta ta ce, Allah ka gani, ka yafe mini. Sannan ta share fuska ta miƙe tsaye.

"Ku bar amalanken," in ji ta. "Ni ce."



"Me kika ce?" in ji Bappa Lado.

"Ni na yi. Na ga za a hana ni shi, raina ya ɓaci."

Gogo ta rarrafo ta kama ƙafarta. Matar da ba ta taɓa amsa mata gaisuwa ba. "To zare! Don Allah, don Annabi, zare! Ki ɗauki shanuna, ki ɗauki raina, ki bar mini yaron nan."

Sakinatu ta ji kamar zuciyarta za ta tsage. Ta daure.

"Ta takardar ba komai ba ce yanzu, Gogo. Ta jikinsa ta riga ta shige. Ƙarfen kanti ne, na Turawa. Hayaƙi ba ya fitar da shi, na gindin duwatsu ma ba zai iya ba. A asibiti akwai abin da ke haska cikin mutum. Su kaɗai za su ga inda take. Kuma yau. In rana ta faɗi yana gidan nan, ni ma ba ni da yadda zan yi."

Daga cikin ɗaki murya ta fito, siririya, tana yankewa.

"Ƙarya... Gogo... ƙarya take yi... Saki, kar ki..."

"Kun ji?" in ji tsohuwar da ta fara ganin zanen. "Yana bakin kabari yana kare ta. In ba asiri ba, mene ne wannan?"

Bappa Lado ya zuba wa Sakinatu ido. Ya daɗe. Ita ba ta san abin da ya gani ba, har yau ba ta sani ba. Sai dai ya juya ya ce a ruga bakin hanya a tare mota, ko ta wace ce.

Gogo ta saki ƙafarta ta miƙe. Hawaye na zuba, amma muryarta ta dawo ƙarfe.

"Faɗi a gaban mutane. In ya tashi, ba ke ba shi."

"Gogo..."

"Faɗi!"

"In ya tashi," in ji Sakinatu, "ba ni ba shi."

Ta sunkuya ta zare allurar daga shuɗiyar rigar, ta zare ta koren zanen. Gogo ta tattare 'yan tsanar duka da bakin muciya, da Malam, da Inna, da ita kanta Sakinatu, da ɗan dogon wuya, ta tura cikin murhu. Kwali bai da wuyar ci.

Da aka fito da Haladu a kan tabarma, ya rame har ba ta so ta gane shi ba. Ya miƙo hannu wajenta. Yatsunsa suka taɓa gefen mayafinta.

Ta ja mayafin, ta matsa baya.

Amma ta bi bayansu ta buɗe laimar Malam, ta miƙa wa Bappa Lado ya rufa masa. Ita ta koma Jimeta a cikin ruwa.

* * *

A asibiti aka haska ƙirjinsa, ba a ga allura ba. Gogo ta ce ai Sakinatu ce ta ji tsoro ta janye abinta. Aka ba shi magani, zazzaɓi ya sauka, numfashi ya dawo. Zadok ne yake kawo labari, Liyatu ta tsallako da shi.

Labarin Mbamba kuwa ya riga Sakinatu isa gida. Mata suka yi ta zuwa karɓar atamfofinsu, ɗinkakku da waɗanda ba a taɓa ba, kowace sai ta ce a haɗa mata da ƙyallayenta. Na'inna, wanda ya ce a shirye yake ko gobe, bai ƙara takowa ba. Aikowa ya yi a karɓo masa rigarsa da ba a gama ba, har da zaren da ya zuba a ƙasa.

Malam bai tambaye ta komai ba. Zauren ya yi shiru, keke ya yi ta hutawa. Sai wata rana tana ajiye masa abinci ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Laimata ta tafi aikin lada." Daga nan bai ƙara ba.

Bayan kaka Haladu ya zo, da hantsi, yana dogara sanda. Shuɗiyar rigar tana lilo a jikinsa. Malam ya gaisa da shi, ya ce bari ya je masallaci, alhali lokacin salla da saura.

Suka zauna, kowa a gefensa.

"Me ya sa, Saki?"

"Ga ka a zaune kana tambaya."

"Zan tsaya a kan jirgi in gaya wa duk wanda ya ƙetare kogin nan cewa ƙarya kika yi."

"Su ce asirin ne ke magana."

"To mu tafi Maiduguri. Ana ɗaukar ma'aikata a sabuwar jiha. Ba wanda ya san mu a can."

"Gogo fa?"

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Ta ce in na aure ki, kar in zo kan gawarta."

"Ka gani? Matar nan ta kama ƙafata, Hamma. Ta ce in ɗauki ranta in bar mata kai. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. In ka aure ni, duk ciwon kan da ka yi ni ce. Duk ɗan da muka haifa ya yi zazzaɓi ni ce. Kuma ran da ka sake kwanciya, wa za ta yarda da shi ya ce a kai ka asibiti?"

"Kin sayar da sunanki don ni."

"Na sami ciniki mai kyau."

"Kar ki yi mini wasa, Saki, don Allah." Muryarsa ta karye. Namiji mai jan igiyar jirgi, ya rufe fuska da hannun riga yana kuka kamar yaro. "Gara da kin bar ni. Me zan yi da ran da ba ke a ciki?"

"Kar ka yi saɓo." Ita ma hawayen sun ƙi tsayawa. "Ka rayu. Ka auri Aminatu, yarinyar kirki ce, ba ruwanta. Ka haifi 'ya'ya masu dogon wuya. In sun yi tari ka kai su asibiti. Abin da nake roƙo ke nan."



"Sun ƙona mini nawa," in ji shi daga baya. "Yi mini wani."

"Ba ni da ƙyalle. Kowa ya kwashe nasa."

Ya miƙa hannu kan teburin Malam ya ɗauki almakashi. Ya kama gefen shuɗiyar rigar ya datse, faɗin tafin hannu, ya ajiye a tabarma tsakaninsu.

"Wannan ba almakashi ne ya yar ba," in ji shi. "Ni na bayar. Ki riƙe shi a wurinki."

Ya ɗauki sandarsa. A ƙofar zaure ya tsaya kamar zai juyo. Ta roƙi Allah kar ya juyo, don ta san in ya juyo alkawarin Mbamba ya rushe.

Bai juyo ba.

* * *

Ya auri Aminatu, aiki ya kai su Maiduguri. Ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki. Bara da damina aka aiko cewa Allah ya yi masa rasuwa, a gadonsa, da furfurarsa, 'ya'yansa kewaye da shi.

Sakinatu tana nan Ajiya, a ɗakin da ta fara yanka kwali. Waɗanda suka ji maganarta a Mbamba yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma har yanzu akwai tsofaffin da in ta wuce sukan tattare bakin zanensu.

Littafin Liyatu yana ƙarƙashin matashinta. A shafin ƙarshe akwai ɗan dogon wuya da shuɗiyar riga, tana ta koɗewa. Ƙyallen ya tsufa, ba ya son zama, kullum sai gefen ƙirjin ya ɗago.

Kowace safiya in ta idar da salla, takan jiƙa ƙaro a murfin kwano, ta shafa kaɗan a ƙarƙashin rigar. Ba ta ƙara soka allura a takarda ba tun daga ranar nan. Babban yatsanta take ɗorawa a ƙirjinsa, ta danne a hankali, ta zauna tana jira har ya kama.